Gefe na Huɗu na Teburin Hazim

Ranar Laraba ce, kuma Hazim ya riga uwarsa tashi kamar kullum. Da Awatif ta idar da sallar asuba ta tarar da butar shayi a kan wuta, shi kuma ya sauka ɗakin aikinsa da ke ƙasan bene. Ta leƙa ta matakala ta hango shi a durƙushe, yana kwance ƙarafan da ya matse ƙafafun teburin da su tun jiya, yana danna busasshen gam da farce.

"Ya kama?" in ji ta.

"Ya kama, Abla. Ko ke kika hau kansa ba zai ce uffan ba."

"Au, ni ce mai nauyin? Allah ya shirye ka. Hawo ka sha shayinka kafin ya huce."

Abla shi ne sunan da 'yan mata ke kiranta da shi a sakandaren da take koyar da kimiyyar sinadarai. Tun yana ƙarami ya tsinci sunan a bakinsu, ya ƙi sakinsa.

Da rana ta fito ya je bakin layi ya sayo dafaffen wake da gurasa mai zafi. Suka ci a tsaye a kicin, da farin cukwi da tumatir. Ta tafi makaranta da jakar takardun jarrabawa, shi kuma ya hau babur zuwa shagon kawunsa Usta Ragab, yayanta, inda ake yin gadaje da kujerun amare. Da hantsi ya buga mata waya tana cikin aji, ba ta ɗauka ba. Da ta fito ta kira shi, ya ce ba komai, tambaya yake ko kifi za a ci ko taliya. Ta ce kifi.

Bayan azahar suka haɗu a gida. Ya ci shinkafa da soyayyen kifi, garin katako a girarsa, yana ba ta labarin abin da ya rage. Teburin nata ne. Ƙarami ne, na gefen kujera, da katakon zan mai tauri, tsayinsa daidai da hannun kujerar da take zama idan tana duba takardun ɗalibai. Ya gaji da ganin tana ajiye kofin shayi a ƙasa, in ta miƙe ta yi ƙwallo da shi. Ƙafafun sun haɗu ba ƙusa ko ɗaya. Saura fuskar teburin: a fere gefunanta huɗu su yi lanƙwasa mai santsi, sannan a ɗaure ta a kan ƙafafun. Da rauta zai yi wannan, ƙaramin injin nan da ake riƙewa da hannu biyu, mai haƙorin ƙarfe ɗaya a ƙasa da ke juyawa da gudu yana cin katako.

"Da gajerun gefuna ake farawa," ya ce, yana nuna mata da cokali a bakin faranti. "A can haƙori ke yanka jijiyar katako a gicce, in ya kai kusurwa sai ya ɗan fizge ta. Kar ki damu da wannan. Idan aka zo dogon gefe, shi zai share ɓarnar."

"Ban damu ba. Ci abincinka, ka kula da ƙaya."

Ya yi la'asar a masallacin layi, ya dawo ya kunna injin. Tana sama tana jin sa. Ƙarar siririya ce idan haƙorin na juyawa a iska, sai ta yi kauri idan ya shiga katako. Ta ji gefe na farko, ta ji na biyu, ta ji na uku mai tsawo. Ya sake kunnawa, ƙarar ba ta kai ga yin kauri ba aka ɗauke wuta.

"Ya salam!" ta ji ya ce. Can ya ɗaga murya ta matakala. "Abla! Zan je in sayo sukurori kafin su dawo da ita. Kina son wani abu?"

"Lemon tsami."

Bai daɗe da fita ba firji ya tashi, injin ma ya tashi a ƙasa. Ta ce a ranta ya dawo. Ta ci gaba da duba takardu, ta gama wannan ta ɗauki waccan. Sai can ta lura ƙarar ba ta sauya ba, siririya ce tun ɗazu. Ta sauka. Ba kowa a ɗakin. Ya manta bai kashe makunni ba lokacin da wutar ta tafi, ga injin kwance a kan buhu yana karkarwa, haƙorinsa na juyawa a iska. Ta zagaye shi a hankali ta zare wayar daga bango. Ta koma sama tana tanadin faɗan da za ta yi masa.

Ana kiran magariba Usta Ragab ya hau benen ba sallama, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa. Motar katako ce daga tashar jiragen ruwa ta buge Hazim a kan babur, a kwanar gaban gidan mai. Bai kai asibiti da rai ba.

Shekarar Hazim ashirin da bakwai. Ubansa Shaukat akawu ne a tashar jiragen ruwa, ya rasu yaron yana firamare, Awatif ta raine shi da yayarsa Rasha da albashin koyarwa. Ita a jami'ar Mansura ta yi karatu, kuma ba ta taɓa tunanin 'ya'yanta za su bi wata hanya ba. Rasha ta karanta haɗa magunguna, ta yi aure a Bur Sa'id. Hazim ya ci jarrabawa da kyau, ya yi shekara ɗaya a sashen kasuwanci na jami'a, sannan wata rana ya ce ba zai koma ba. Ta tambaye shi dalili, ya ce a can hannunsa ba ya yin komai. Ta zaunar da shi sau ɗaya, ta kawo hujjojinta dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, washegari ya tafi shagon kawunsa. Ba ta sake tayar da zancen ba.

A garinsu Dumyat, garin kafintoci, wannan ba labari ba ne, yaro na buɗe ido yana jin zarto ta bango. Abin da ya bambanta Hazim shi ne ba ya son ado. A shago yana yin abin da aka sa shi, gado mai furanni, kujera mai ƙafar zaki, amma idan ya dawo gida katako zalla yake so, a ga jijiyarsa. Ranar da ya sayo rautar, ta hannu, daga Bur Sa'id, kawun ya juya ta a tafin hannunsa.

"Wannan fa? Injin aski ka sayo?"

"Zo in gwada a kanka, Kawu, in da sauran abin askewa."

"Ɗan banza. Ni da na koya maka riƙon guduma."

Da ya ga ƙafafun teburin kuwa ya riƙe baki. "Ba fure, ba ganye, ba ruwan zinariya? Teburin asibiti za ka yi wa uwarka?"

"Shayi za a ɗora, Kawu, ba amarya ba."

Hazim ba ya shan taba. Yana son zaƙi fiye da kima. Ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya ba ta cika ci ba, kuma bai taɓa barin ta ba. Akwai wata yarinya a unguwar da ake raɗe-raɗin yana so. Bai faɗa ba, ita ma uwar ba ta tambaya ba, tana jiran ya kawo zancen da kansa.

Zaman makoki ya wuce ta gabanta kamar a gidan maƙwabta ake yi. Ba ta yi kuka ba. Ta jira kukan ya zo, bai zo ba, sai ta daina jira. Duk abin da aka ce mata sai ta ce to. Ummu Hazim, ci wani abu. To. Ummu Hazim, kwanta. To. Ta ba wata maƙwabciya labarin injin da ya tashi shi kaɗai, kafin yamma labarin ya zagaye falo: ai a daidai lokacin ransa ya fita, shi ne ya biyo ya taɓa kayansa. Awatif ta sa yayanta ya tambayi mai gidan man lokacin da abin ya faru, ta kwatanta da lokacin da aka dawo da wuta. Bai zo daidai ba. Lokacin da injin ke juyawa Hazim yana raye, yana kasuwa. A ledar da aka ba ta daga asibiti akwai wayarsa, da makullai, da sukurori a ƙunshin takarda, da lemon tsami da suka fashe. Ba ta gyara wa matan labarinsu ba.

Mutane sun yi yawa, wurin ajiye kofuna ya yi kaɗan. Wata daga cikin dangi ta sauka ƙasa ta ɗauko ƙafafun teburin, ta ɗora fuskar a kai haka nan, ta ajiye a tsakiyar falo. Aka jera kofunan gahawa marar sukari a kan ɗanyen katako. Awatif tana kallo ɗigon gahawa ya gangaro daga wani kofi, ya zagaye gindinsa, katakon ya shanye. Ta san ba zai fita ba.

Ƙa'idar layinsu ce, idan kafinta ya rasu ba a barin aikinsa a rataye. Maƙwabtan shago kan raba shi, mai sassaƙa ya yi nasa, mai fenti ya yi nasa, ba wanda ke karɓar ko sisi. Haka aka yi da gadon da Hazim ya bari a shagon kawunsa, aka gama aka kai wa masu shi. Kayan aikinsa kuma ba a ajiye su a gida. Iskar teku ba ta barin ƙarfe, kuma kayan da ke aiki a hannun mabuƙaci lada suke kai wa mai su. Usta Ragab ya riga ya zaɓi wanda za a ba rautar, wani kafinta mai suna Fathi, mai iyali, da ke yawon aron injin mutane.

Bayan arba'in Usta Ragab ya zo gidan da safe. Rasha tana ɗakin ƙaninta tana ninke kaya. Teburin yana falo inda matan suka bar shi, gefe uku masu santsi, na huɗu mai kaifi, kusurwoyinsa biyu a fizge. Duk lokacin da Awatif ta wuce sai tsinin ya kama baƙar rigarta.

"Na zo ɗaukar injin," ya ce. "Amma akwai magana. Zauna, Ummu Hazim."

Ta zauna.

"Haƙorin yana nan yadda ya ɗaure shi. Zurfin da ya zaɓa, ba wanda ya taɓa. In na bi gefen nan da shi yau, zai fito iri ɗaya da sauran ukun, kamar shi ya yi. Amma Fathi na karɓa zai kwance ya sa nasa haƙorin. Daga nan sai dai a kwatanta da ido. Za a yi kusa, ba za a yi daidai ba."

"To."

"Ba to nake nema ba. Tun da aka yi rasuwar nan to kike ce mini. In gama shi ko in bari?"

Ta kalli gefen. Kusa da bakinsa, a tsakiya, akwai ƙaramar kibiya da Hazim ya zana da fensir, tana nuna inda injin zai nufa. Haka yake yi a kowane gefe kafin ya yanka. Na sauran ukun haƙori ya cinye su, wannan kaɗai ta rage.

"Idan ka yanka, wannan za ta tafi?"

Ya sunkuya ya duba. "Za ta tafi."

"Idan ba ka yanka ba?"

"Tana nan. Teburin kuma ya zauna yana yagar miki riga har ki gaji ki kai shi saman bene. Na san yadda ake yi."

Rasha ta fito da riga a hannu. "Kawu, a bar mata injin mana. Dole ne?"

"A bar shi ya yi tsatsa a cikin kwali? Shekara ɗaya ba zai ƙara tashi ba. Wannan ne gatan da za ki yi wa ƙaninki?"

"Ni dai na ga kamar ana sauri."

"Sauri? Da a shagona ne, da tuni..." Ya shafa kansa.

Awatif ta daɗe tana kallon kibiyar. Ba wani abu ta ji a ƙirjinta ba. Lissafi kawai take yi, irin wanda ta saba: abu biyu ne ya bari, zanen fensir da zurfin haƙori, kuma ba za a riƙe su duka ba. Zanen ya yi shi ne don a bi. Zurfin ya ɗaure shi ne don a yanka.

"A yanka," ta ce. "Amma ni zan yi."

"Ke? Wannan ba alli ba ne, Abla. Yatsa yake ci."

"Shekara nawa ina riƙe ruwan da ke ƙona fata a gaban yara. Nuna mini."

Ya kalli Rasha, Rasha ta kalli ƙasa. Ya ɗauki fuskar teburin ya sauka da ita.

Ɗakin aikin yana nan yadda yake, sai ƙura. Usta Ragab ya matse fuskar teburin a kan benci da ƙarfe biyu, ya jijjiga ya ga ba ta motsi. Ya sa ta ɗaure mayafinta ta baya, ta tura bakinsa cikin riga. Ya tsinci guntun katako a ƙasa ya matse shi shi ma, ya ce ta fara gwadawa a nan. Injin ya fi yadda ta zata nauyi. Da ta kunna ya fizgi hannunta kamar abu mai rai.

"Daga hagu zuwa dama. In kika bi ta ɗaya hannun, gudu zai yi ya bar ki. Danna gindin ya kwanta sosai. Kar ki yi sauri, kar kuma ki tsaya. Katakon zan ba ya son a tsaya masa."

Ta bi guntun sau ɗaya, ya fito da tudu da kwari. Ya juya mata wani gefen, ta sake. Ya shafa da babban yatsa, ya tura baki.

"Na ga wanda ya fi wannan muni, kuma an biya shi. Bisimilla."

Ta ɗora gindin injin a kan fuskar teburin. A kusurwar hagu akwai ɗan wurin da haƙorin ya taɓa ranar Laraba kafin wuta ta tafi, bai fi faɗin farce ba. Daga nan ta fara. Ƙarar ta yi kauri, garin katako ya watso mata a hannu, da ɗumi. Kusurwar da ta fizge ta share kamar yadda ya faɗa. Ta ci gaba. Gindin injin ya rufe kibiyar, ba ta ganin ta, amma ta san inda take. Da haƙorin ya kai wurin hannunta ya tsaya. Ba ta yi niyya ba.

"Tafi! Awatif, tafi, kar ki tsaya!"

Hayaƙi ya ɗan tashi. Ya dafa gwiwar hannunta ya tura, injin ya wuce, ya fita ta ɗaya kusurwar. Ta kashe makunnin, ta jira haƙorin ya tsaya cak, sannan ta zare wayar.

Gefen ya fito iri ɗaya da sauran. Ta bi shi da yatsa ta zagaya kusurwa, ba ta ji inda nasa ya ƙare nata ya fara ba. Sai a tsakiya akwai baƙar ƙuna, tsawon yatsa.

"Ba komai," in ji Usta Ragab, yana share fuska da hannun riga. "Mai fenti zai goge, har da tabon gahawar. Gobe zan turo a ɗauka."

"Ba za a kai shi ba."

"Fari za ki bar shi? A gidan ƙanwata? Mutane su shigo su ga katako tsirara, su ce Ragab ya mutu ne?"

"Su ce."

Wannan ce a'a ta farko da Usta Ragab ya ji daga bakinta tun ranar rasuwar. Ya ce a kawo masa sukurori. Ta hau sama ta ɗauko ƙunshin takardar da ke cikin ledar asibiti. Ya kifa teburin ya ɗaure fuskar a kan ƙafafun, ya juyo shi ya danna kowace kusurwa. Bai yi rawa ba.

Sannan ya miƙa mata ƙaramin sifana. "Ke za ki kwance. Ni ba zan iya ba."

Ya nuna mata inda za ta kama. Hazim ya ɗaure da ƙarfi, sai da ta sa hannu biyu. Haƙorin ya faɗo a tafinta, har yanzu da ɗumi. Ta goge shi da tsumma ta sa a kwalinsa, ta naɗe wayar injin, ta miƙa wa yayanta.

Fathi ya zo da yamma ya karɓa, ya yi addu'a a bakin ƙofa bai hau ba. Zarto da guduma da ƙarafan matsewa Usta Ragab ya raba wa mutanen layi. Ragowar katakon zan ya kai shago. Babur ɗin ba ya gyaruwa, aka sayar da ƙarfensa, aka haɗa da abin da ke asusun Hazim aka sa tulun ruwan sanyi na lantarki a bakin masallaci don masu wucewa. Riguna da wanduna Rasha ta wanke ta goge ta kai wa limami ya raba. Ta ɗauki agogonsa don ɗanta idan ya girma. Littattafan shekararsa ɗaya a jami'a an ba ɗiyar maƙwabta. Wayar tana cikin durowa, Awatif ba ta san lambar buɗe ta ba, ba ta kuma kai a buɗe ba. Teburin yana gefen kujera, fari.

Takalman aikinsa ne ba su sami mai shi ba. Ƙafarsa babba ce. Mutum uku suka gwada, duk suka yi musu yawa, limami ya dawo da su a leda. Suna nan ƙarƙashin matakala, an ce za a ci gaba da tambaya.